Baba Fasto ne ya rene ni, yanzu kuma yana so in rubuta rasit na ƙarya

"Salama a gare ka Baba. Dan Allah a ɓoye sunana da na garinmu. Ni saurayi ne shekarata 29, ni ne sakataren kuɗi a majami'armu. Mahaifina ya rasu ina aji huɗu a firamare, Fastonmu na yanzu shi ya karɓe ni daga hannun mamata ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa, duk inda aka yi masa canjin aiki da ni yake tafiya, shi ya biya min makaranta har na gama difloma. Bara muka fara tara kuɗin rufin sabuwar majami'a, mata da matasa da manoma kowa ya yi ƙoƙari. Ana cikin haka Mama matarsa ta kwanta, asibiti suka ce sai an yi mata aiki da gaggawa, sai Baba ya kira ma'aji suka ciri kusan rabin kuɗin ginin, dattawa basu sani ba. Mama ta samu sauƙi mun gode Allah. To yanzu ƙarshen shekara ya zo zan karanta rahoton kuɗi a gaban jama'a, Baba ya ce in rubuta cewa siminti da rodi muka saya, wani ɗan majami'armu mai shagon kayan gini zai bamu rasit, ya ce a hankali zai mayar ba wanda zai sani. Da na yi shiru sai ya ce min biyayya ta fi hadaya, kuma an rubuta kada a taɓa shafaffe na Ubangiji. Mamata da na faɗa mata kuka ta yi, ta ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kada in kunyata ta a duniya. Yarinyar da zan aura ta ce in ajiye muƙamin kawai in huta. Bana barci. In na ƙi ni butulu ne, in na yarda na yi wa Allah ƙarya a gaban bagadi. Wanne ne biyayya a nan?"

Ɗana, sannu. Kada ka sa hannu a wannan rasit ɗin, kada kuma ka karanta rahoton ƙarya. Na faɗa maka tun daga farko ne don kada ka yi ta karatu gabanka na faɗuwa kana jiran ka ga inda zan sauka. Amma fa maganar bata ƙare a nan ba, domin ƙin sa hannu shi ne ɓangare mafi sauƙi, abu mai wuya shi ne yadda zaka ƙi ba tare da ka yar da mutumin da ya ɗauke ka lokacin da kake maraya ba, kuma na ga alama abin da ke hana ka barci kenan. Rashin barcin nan ba alamar butulci bane. Butulu ai da tuni ya ɗauki hoton takardar banki ya watsa a gurup ɗin matasa ya juya ya yi minshari.

Bari mu fara da ayar da Baba ya jawo maka, tunda ita ce ta ɗaure ka. Biyayya ta fi hadaya tana cikin 1 Sama'ila sura 15 aya 22, ka buɗe ka karanta surar gaba ɗaya kada ka tsaya a ayar kaɗai. Wa ya faɗa, wa aka faɗa wa? Annabi Sama'ila ne ya faɗa wa sarki Saul, wato na ƙasa a mulki ne yake faɗa wa mai sarauta. Allah ya aiki Saul a kan Amalekawa da umarni a fili, Saul ya je ya bar sarki Agag da rai ya kuma ware tumaki da shanu masu kyau ya ajiye, da Sama'ila ya iso sai Saul ya tare shi da fara'a yana cewa ai ya cika umarnin Ubangiji. Rahoton ƙarya kenan fa, a bakin shugaba, da sunan Allah a ciki. Sama'ila ya ce to kukan tumakin nan da nake ji a kunnena na mene ne? Sai Saul ya ce ai don hadaya aka kawo su. A nan ne ayar ta fito. Kaga biyayyar da ake magana a kai biyayya ce ga muryar Allah, kuma an faɗe ta ne ga wani babba da ya riƙe abin da bai kamata ya riƙe ba ya lulluɓe shi da dalili mai kyau. Ba ina cewa Baba Saul bane, a'a, zan zo kan nasa uzurin, amma gaskiya in akwai wanda ayar nan take kallo a cikin ɗakin nan da kuka zauna ku biyu, ba kai bane.

Ta shafaffen ma haka. Tana Zabura 105 aya 15, ana tuna yadda Allah ya tsare su Ibrahim da Ishaku da Yakubu daga sarakunan ƙasashen da suka yi baƙunci a ciki. Dawuda kuma da ya ƙi kashe Saul a kogo don shafaffe ne, bai yi shiru ba ai, ya fito ya ɗaga gefen rigar da ya yanka ya faɗa wa Saul a gaban idonsa cewa yana farautarsa ba da hakki ba. Ya ƙi ɗaga masa hannu, bai ƙi faɗa masa gaskiya ba. Ibraniyawa 13 aya 17 ta ce a yi biyayya ga shugabanni, haka ne ban musa ba, amma Bitrus da manzanni a Ayyukan Manzanni 5 aya 29 sun nuna inda iyakar take.

Amma ni abin da nake so ka zauna a kai sosai shi ne ƙuruciyar shi Sama'ilan, saboda da na karanta wasiƙarka shi ya faɗo min a rai. Uwarsa Hannatu ta yaye shi ta kai shi Shilo ta danƙa wa Eli firist, ta koma Rama, sai shekara shekara take zuwa da 'yar rigar da ta ɗinka masa. Eli ne ubansa na yau da kullum, shi ya ga girmansa, shi ya koya masa hidima. Kuma yaron nan mai biyayya ne na ƙin ƙarawa, da dare ya ji an kira sunansa ya tashi da gudu ya je wurin tsoho ya ce gani, aka ce koma ban kira ka ba, ya koma, haka har sau uku bai yi tsaki ba bai ce tsohon nan ya dame ni ba. Eli ɗin ne ma ya gane cewa Ubangiji ne ke kira ya koya masa abin da zai amsa. To saƙon farko da Allah ya ɗora wa yaron nan a rayuwarsa, a kan wa ne? A kan Eli. A kan gidan mutumin da ya rene shi. 'Ya'yan Eli, Hofni da Finehas, suna aika bara da cokali mai yatsu uku ya caki nama daga tukunyar masu hadaya, har ɗanye suke karɓa da ƙarfi kafin a ƙona kitse, wato suna cin abin da jama'a suka kawo wa Allah, Eli ya sani ya yi musu faɗa da baki amma bai hana su ba.

Ka duba 1 Sama'ila sura 3 aya 15 da kyau. Sama'ila ya kwanta har gari ya waye, ya tashi ya buɗe ƙofofin ɗakin Ubangiji kamar yadda ya saba, kuma Littafi ya faɗa a fili cewa yana tsoron faɗa wa Eli. Annabi guda fa, yana jin tsoro, irin wanda kake ji yanzu. Bai ruga cikin garin Shilo yana shela ba, bai tara samari ya ce kun ji abin da Allah ya ce a kan gidan firist ba, bai kuma tattara kayansa ya gudu Rama wurin uwarsa ba. Ya ci gaba da aikinsa na safe. Da Eli ya kira shi ya ce ɗana, me aka faɗa maka, kada ka ɓoye min, sai ya faɗa masa duka bai rage komai ba. Mutum na farko da ya ji maganar shi ne mai maganar. Ni a nan nake ganin aminci da biyayya suka haɗu a wuri guda, ya riƙe amanar Allah bai sassauta saƙon ba, ya riƙe girman Eli bai kai maganar waje ba. Eli kuwa duk da laifinsa ya amsa da cewa Ubangiji ne, bari ya yi abin da ya ga ya yi masa kyau. Bai tsine wa yaron ba. Sau da yawa manya sun fi yadda muke zato iya ɗaukar gaskiya in aka kawo musu ita a ɗaki da ladabi, abin da basa iya ɗauka shi ne su ji ta a bakin duniya.

Yanzu mu duba Baba. Ba zan kira shi ɓarawo ba kuma bana so ka bari wani ya sa ka kira shi haka. Mutum ne da matarsa ke kwance, likita ya ce a kawo kuɗi yau, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tagar biyan kuɗi a asibiti da takarda a hannu aljihu ba komai ya san yadda kai ke juyawa a wurin. Albashin yawancin fastocinmu na ƙauye da ƙananan garuruwa kowa ya san bai taka kara ya karya ba, wani wata ma sai an jira baiko ya taru kafin a biya, wani lokaci da buhun masara ake cikawa. Da ya kira dattawa a daren nan ya ce ga halin da nake ciki, ina da yaƙinin da yawansu zasu ce a cira a ceci rai. Kuskurensa na farko shi ne bai tambaya ba, wannan kuskure ne na mai firgici kuma ana gyara shi. Na biyun da yake shirin yi yanzu shi ne mai haɗari, domin wancan kuɗi ya taɓa, wannan kuwa zai jawo mutum uku cikin ƙarya, kai da ma'aji da mai shago, sannan ya hau bagadi ranar Lahadi ya yi wa'azi yana kallon fuskokinku. Kunya ce ke tura shi, irin ta Saul da ya ce wa Sama'ila ka girmama ni a gaban dattawan jama'ata. Kuma abin mamaki Sama'ila ya juya ya bi shi a ranar, bai wulaƙanta shi a gaban mutane ba, bayan ya riga ya faɗa masa gaskiya tsirara. Littafi ya ce ma kafin ya je ya kwana yana kuka ga Ubangiji, bayan nan kuma ya daɗe yana makoki saboda Saul. Wanda zai faɗa wa babba gaskiya ba tare da zuciyarsa ta yi masa ciwo ba, gara ya zauna a gida tukuna.

Sannan ka yi tunanin abin da zai faru in ka yarda. Ka ce kusan rabin kuɗin ne. Jama'a zasu ji an sayi siminti da rodi, wani magini a cikinsu zai tambaya ina aka ajiye, damina zata zo rufi bai hau ba, mai binciken kuɗi daga gunduma zai zo ya nemi ganin kaya, mai shago kuma ranar da kuka saɓa da shi ko matarsa ta saɓa da Mama shi kenan magana ta fita. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da ta fashe kuwa sunan wa ke kan takarda? Naka. Rasit na bogi laifi ne a doka ba a coci kaɗai ba, kuma kai mai difloma ne da ke neman gaba, ka sani tabon kuɗin majami'a baya fita a jikin mutum ko ya canza gari. Shi Baba a lokacin ba za a ce ya ranci kuɗi don ciwon matarsa ba, cewa za a yi ya ci kuɗin gini ya haɗa takardun ƙarya, wannan kuwa shi ke sa a dakatar da fasto. Sa hannun da kake gani kamar rufin asiri ne, shi ne zai fi tona masa asiri.

Kuma akwai waɗanda basu cikin wasiƙarka sosai amma kuɗinsu ne. Gwauruwar da ta soya ƙosai ta ƙulle canji a bakin zani ta kawo, manomin da ya auna tiya biyar na wake a bikin godiya, ɗan acaɓa da ya jefa kuɗin mansa. Su suka zaɓe ka ko suka amince aka naɗa ka, ba don kai ɗan gidan Fasto bane kaɗai, don idonsu ne kai a kan littafin. Suna da hakkin su san inda kuɗinsu ya tafi, kuma ina gaya maka mutanenmu in aka ce musu da kuɗinku aka ceci ran Mama, da yawa daɗi zasu ji.

To ga yadda nake ganin zaka bi. Kada ka jira ranar rahoto ta matso, cikin makon nan ka je. Kada ka yi a ofis ko bayan sujada mutane na kai da kawowa, ka same shi a gida da yamma bayan an ci abinci, ka gaida Mama da jiki, ka durƙusa yadda ka saba tun kana yaro, ka ce Baba ina da magana. Kada ka je da Littafi a buɗe kamar zaka yi masa gyaran tafsiri, duk abin da na faɗa maka a sama na ƙarfafa zuciyarka ne, shi ya san ayoyin nan fiye da ni da kai. Ka fara da abin da yake gaskiya, cewa duk abin da ka zama ta hannunsa Allah ya yi, kuma da kai ne a matsayinsa a daren nan wataƙila da ka yi abin da ya yi. Sannan ka ce Baba ba zan iya rubuta siminti ba, kai ka koya min kada in yi ƙarya, amma ba zan bar ka kai kaɗai a ciki ba, ga abin da na zo da shi. Ka faɗa sau ɗaya a sarari, kada ka yi ta kwana kwana har ya ɗauka akwai ƙofa.

Abin da zaka zo da shi kuwa shi ne a mayar da abin bashi a rubuce. Shi Baba da bakinsa, kai da ma'aji kuna gefensa, ya kira dattawa kafin ranar rahoto ya ce ga abin da ya faru, na yi kuskure ban sanar da ku ba, ga takardun asibiti, ga adadin. A rubuta a minit ɗin mitin cewa rance ne na jinya, a yanke nawa za a dinga cira a albashinsa duk wata gwargwadon abin da ba zai sa gidan ya kwana da yunwa ba, kowa ya sa hannu. A rahoton shekara sai ka karanta gaskiya a taƙaice, an ba da rancen jinya kaza da sanin dattawa a yanzu, an fara biya. Dattawa na iya kiran baiko na musamman don jinyar Mama, zumuntar mata kam na san ba za a bar su a baya ba, 'ya'yan majami'a da ke aiki a birni a buga musu waya. Kai ma ka sa naka, ko dubu biyar ne duk wata ka ce Baba wannan nawa ne a cikin bashin. Wannan shi ne askin da mamarka ke magana, ka biya alherinsa da guminka da tsayawa kusa da shi ranar da zai ji kunya. Kafin ka je wurin Baba ko bayan nan kaɗan ka ga ma'aji shi kaɗai, shi ma na tabbata baya barci, hannunsa ne a takardar cire kuɗin, in ya ji akwai hanyar fita mai mutunci zai fi kowa goyon baya. Mai shago kuma a ce masa an fasa, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Zai iya yin fushi. Kada in yaudare ka cewa lallai zai amsa kamar Eli. Zai iya cewa yanzu ka yi ilimi ka fi ƙarfinsa, zai iya daina amsa gaisuwarka na ɗan lokaci, Mama ma ta canza maka fuska, har maganar aurenka da kake sa ran shi zai tsaya maka a matsayin uba ta yi sanyi. In ya faɗi mai zafi kada ka rama, ka ce Allah ya huci zuciyarka Baba, ka tashi, gobe ka dawo ka gaishe shi ka yi aiken da ka saba yi. Ka bashi kamar mako guda ya juya maganar. In bai motsa ba sai ka bi tsarin Matiyu 18 daga aya 15, ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, kuma ka zaɓa da hankali, dattijon da Baba ke jin nauyinsa kuma bakinsa na da murfi, ko wani tsohon fasto da ya yi ritaya wanda suka yi makarantar Littafi Mai Tsarki tare. Kada ka ɗauki wanda dama yana da jikakka da shi, kowace majami'a akwai irinsu, suna jiran irin wannan ranar. Bulus ya gaya wa Timoti kada a tsauta wa dattijo da kaushi, a roƙe shi kamar uba, kuma kada a karɓi ƙara a kan shugaba sai da shaidu biyu ko uku, duka a 1 Timoti sura 5. Ka sanar da Baba kafin kowane mataki, ka ce Baba zan je in ga wane, don kada ya zama ka zagaye shi.

In wannan ma bai yi ba, majalisar dattawa ce gaba, bayan ita ofishin gunduma. A nan shawarar yarinyarka ke shigowa. Tana da hankali, so take ta tsame ka, ka gode mata. Amma ajiye muƙami yanzu a shiru bai warware komai ba, za a ɗauko wani yaro ya sa hannun, kuma watannin da aka ciri kuɗin a zamaninka ne, in ta fashe za a ce ai shi ya sa ya gudu. Murabus na ƙarshe ne, in ka bi duk matakan nan aka haɗu aka ce sai dai a rufe da ƙarya. A lokacin ka rubuta takarda gajeriya ba zagi ba zargi, ka ce lamirinka bai baka ka gabatar da rahoton yadda aka nema ba, ka miƙa littattafai a gaban shaidu a sa maka hannu an karɓa. Tun yanzu ka nemi takardar bayanin asusu daga banki ka ajiye kwafi a wurin da ba gidan Baba ba, ka rubuta ranakun da aka yi kowace magana. Ba don ka kai shi ƙara ba, don kare kanka. Sama'ila ma da Allah ya aike shi Baitalami gidan Yesse don ya shafe wanda zai gaji Saul, ya ce in Saul ya ji zai kashe ni, Allah bai ce masa ba shi da bangaskiya ba, ya ce ya tafi da karsana don hadaya. Taka tsantsan ba rashin aminci bane.

Mamarka kuma ka je ƙafa da ƙafa, kada ka yi ta waya. Tsoronta na gaske ne, mace ce da ta rasa miji wani ya ɗauke mata nauyi shekara da shekaru, a ganinta duk abin da ya taɓa Baba ya taɓa mutuncinta. Kada ka yi mata wa'azi. Ka nuna mata cewa ba tona shi zaka yi ba, ka faɗa mata maganar bashin da naka kason da zaka dinga biya, ka kuma tambaye ta a hankali, Mama in an kama rasit ɗin da sunana a kai wa zai ji kunya? Ka roƙe ta ta riƙe maganar a cikinta ta yi muku addu'a ku biyun.

In Allah ya sa aka wuce wannan lafiya, kada ku koma yadda kuke. Abin da ya faru ya faru ne don mutum biyu na iya cire kuɗi ba wanda ya sani, kuma don babu inda fasto zai juya in ciwo ya faɗo. A 2 Sarakuna sura 12 ma kuɗin gyaran Haikali sun yi ta shiga hannun firistoci gyara bai yiwu ba har shekara ta 23 ta sarautar Yowash, sai da Yehoyada firist ya huda murfin akwati ya ajiye kusa da bagade, in ya cika magatakardan sarki da babban firist su ƙirga tare. Bulus da kansa da zai kai gudummawa Urushalima bai yarda ya riƙe shi kaɗai ba, ya tafi da 'yan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa don kada a samu abin zargi, ka duba 2 Korantiyawa sura 8. Ku raba asusun gini da na yau da kullum, ku sa sai da hannu uku da amincewar dattawa a rubuce kafin a cira, alat ya dinga shiga wayar mutum fiye da ɗaya, ku buɗe ɗan asusun jinya ko da ɗari biyar biyar ne, ku bincika tsarin inshorar lafiya na jiharku ku ga ko za a iya yi wa Fasto da iyalinsa rajista. Ka kawo wannan a matsayin kariya ga Baba da duk faston da zai zo bayansa, don kada ya ji kamar hukunci ne.

Akwai wani wuri a sura 12 ta 1 Sama'ila da nake so ka karanta a daren da zaka je. Sama'ila ya tsufa ya yi furfura, ya tsaya gaban Isra'ila duka ya ce ga ni, ku ba da shaida, san wa na ɗauka, jakin wa na ɗauka, wa na zalunta, a hannun wa na karɓi hanci, ku faɗa in mayar. Jama'a suka ce babu. Kuma ba don gidansa ya tsira daga matsalar kuɗi bane, 'ya'yansa Yowel da Abaija da ya naɗa alƙalai a Biyersheba sun karɓi hanci, shi ya sa ma dattawa suka nemi sarki. A cikin surar ce kuma ya ce Allah ya kiyaye ya yi zunubi ta wurin daina yi musu addu'a, mutanen da suka ƙi shugabancinsa fa. Ka riƙe wannan game da Baba ko me ya faɗa maka a ranar.

Ka ci abinci, ka kwanta da wuri yau. Gobe ka fara da ma'aji in ka ga hakan zai fi sauƙi, ka lissafa adadin da aka cira daidai har kwabo, ka rubuta tsarin biyan a takarda guda yadda in ka zauna gaban Baba zaka miƙa masa abu a hannu. In ya yarda amma ya ce bakinsa ba zai iya furtawa a gaban dattawa ba, ka ce zaka fara buɗe maganar shi ya ƙarasa. Ka sake rubuto min bayan kun zauna, musamman in ya ƙi, sai mu duba wanda ya dace ka ɗauka a zama na biyu.